Inshora ta ƙi biya wa ɗana mai galahanga, maigida kuma ya ce a bar zancen

Assalamu alaikum, Anti. Ni da maigidana muna zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka, shekara shida ke nan. Ɗanmu na fari yana da shekara uku da wata huɗu, amma kalmomin da yake faɗa ba su wuce biyar ba. In an kira shi ba ya waiwayowa, ƙarar injin markaɗe tana sa ya toshe kunne ya yi ta ihu, kuma yana iya yini yana jera motocin wasansa. Makarantar gwamnati ta unguwarmu ta gwada shi, ta ba mu takarda cewa yana da galahanga, wato abin da ake kira otizim a nan. Na kai takardar wata cibiya da ke horar da irin waɗannan yara. Suka nemi izinin inshorar lafiyar da muke samu ta wurin aikin maigida, aka ƙi. Wata biyu ke nan da zuwan wasiƙar, kuma abin da ta ce shi ne babu shaidar likita. Na ji ana cewa dokar Texas ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan wannan magani, to yaya aka yi suka ƙi? Maigida ya ce kada a kai yaron wurin likita a rubuta masa wannan suna a fayil, don zai bi shi har girma, kuma yana tsoron a ƙara mana kuɗi ko a sallame shi daga aiki. Surukata a Zariya ta ce a kawo shi gida a yi masa addu'a, in ya shiga cikin yara bakinsa zai buɗe, wai yare biyu ne ya rikita shi. Anti, na rasa na kamawa.

'Yar'uwarki a Houston

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana shi, ya sanya masa albarka. Na lura har kika gama wasiƙarki ba ki ambaci sunansa ba, na san alkunyar ɗan fari ce, ni ma zan bi ki a haka. Amma akwai wani sunan da ba zan yi wa kara ba, shi ne sunan lalurar. Duk matsalarki a kansa take tsaye.

Je ki ɗauko wasiƙar kamfanin inshorar, ki duba kwanan watan da ke kanta tun kafin ki ƙarasa karanta amsata. Dokar tarayya ta ba ki kwana 180 daga ranar da wasiƙar ƙi ta iso hannunki ki ɗaukaka ƙara a wurin kamfanin. Kin cinye wajen sittin. Ki lissafa ranar da wa'adin zai cika, ki rubuta ki manna a jikin firij. Mutane da yawa suna rasa haƙƙinsu ne kawai don wasiƙar ta kwanta a ƙarƙashin tarin takardu har lokaci ya wuce.

Abin da wasiƙar ta ce kuwa, a gaskiya, ba mummunan labari ba ne. Ba su ce ba sa biya ba, sun ce ne ba a kawo musu takardar da suke karɓa ba. A Amurka takardar makaranta daban, takardar likita daban, ko da kalma ɗaya ce a rubuce a kansu. Ta makaranta tana amsa tambaya guda: shin yaron nan yana buƙatar ilimi na musamman? Tana aiki a ƙarƙashin dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman da ake kira IDEA, kuma a makaranta ƙarfinta yake. Inshora ita abin da take nema shi ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ya duba yaro, ya auna shi da ma'aunin littafin DSM-5, wanda likitoci ke bi wajen tantance lalurorin tunani da ɗabi'a, ya rubuta lambar lalurar, wato F84.0, ya sa hannu. Masu yin wannan su ne likitan yara da ya ƙware kan bunƙasar yaro, ko likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa na yara, ko likitan tunani na yara, ko masanin halayyar ɗan'adam mai lasisi. Kamfanoni da yawa suna so a haɗa da wani gwaji mai suna ADOS-2, wanda ba allura ba ne, ba jini ba ne. Zama ake yi da yaro ana wasa da shi ana lura da yadda yake mu'amala. Kafin ki kama layin kowa, ki kira lambar da ke bayan katin inshorarku ki tambaye su wa suke karɓar shaidarsa, wane gwaji suke so, kuma su waye a cikin jerin likitocinsu. Kada ki yi jiran watanni ki samo takarda su sake cewa ba ita ba ce.

Jiran kuwa akwai shi, layin waɗannan ƙwararru yakan kai watanni. Ki sa sunansa a wuri uku ko huɗu lokaci guda, ki ce musu in wani ya fasa zuwa a kira ki ko da safiyar ranar ce. Idan a cikin jerin kamfanin babu wanda zai iya ganinsa a lokaci mai ma'ana, ki nemi su amince a rubuce ki ga wani na waje a farashin na ciki. Ana yin haka, sai dai sai an roƙa. Kafin layin ya zo kanki, likitansa na yau da kullum yana iya tura shi gwajin ji, wanda dole ne ga duk yaron da ba ya amsa kira, kuma yana iya tura shi wurin mai koyar da magana da hujjar jinkirin magana kawai. Wannan ba sai an jira shaidar galahanga ba.

Dokar da kika ji labarinta gaskiya ce. Jihar Indiana ce ta fara a 2001, zuwa 2019 kuma duk jihohi 50 sun sami wani nau'i na wannan tilasci, ko da yake kowace da irin nata. Ta Texas ta ce tsarin inshorar da ke ƙarƙashinta ya biya kuɗin bincike, da horon ɗabi'a da ake kira ABA, da koyar da magana, da koyar da ayyukan yau da kullum irin su cin abinci da sa kaya, da gashin ƙashi, muddin likitan yaron ya rubuta su a cikin tsarin jinyarsa. Ga kuma wurin da nake so ki karanta wa maigidanki da ƙarfi: wannan kariya tana aiki ne idan an tabbatar da lalurar kafin yaro ya cika shekara 10. Wanda aka tabbatar masa kafin nan, kariyar tana ci gaba da binsa bayan ya wuce goma, sai dai daga wannan shekarar dokar ba ta tilasta biyan ABA sama da dala 36,000 a shekara. Wanda aka ɓoye har ya wuce goma, wannan dokar ba ta kare shi.

To amma ko dokar ta shafe ku? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Inshorar wurin aiki iri biyu ce, ko da tambarin da ke kan katin iri ɗaya ne. Akwai wadda mai aiki yake saya daga kamfanin inshora, kamfanin ya ɗauki nauyin biya. Wannan tana ƙarƙashin dokar jiha. Akwai kuma wadda mai aikin ne da kansa yake biyan kuɗin asibitin ma'aikatansa daga aljihunsa, ya ɗauko kamfanin inshora haya don ya riƙa yi masa lissafi da takardu kawai. Wannan ta biyun tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, kuma dokar jiha ba ta da iko a kanta. Fiye da rabin ma'aikatan da ke da inshorar wurin aiki a Amurka a irin wannan suke, manyan kamfanoni kuwa mafi yawansu haka suke yi. A Texas gane bambancin yana da sauƙi: ki duba katin. Idan kin ga haruffan TDI ko DOI a jikinsa, hukumar inshora ta jihar ce ke kula da shi, dokar tana bayanku, kuma kina iya kai ƙorafi wurinta kyauta. Idan babu, sai maigida ya tambayi ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsa, ya kuma nemi kundin da ya bayyana abin da tsarin ke biya da abin da ba ya biya. Idan ya nema a rubuce, doka ta ba su kwana 30 su ba shi.

Ko da ya zamana taku ta biyun ce, kada gabanki ya faɗi. Da yawa daga cikin irin waɗannan tsare-tsare suna biyan ABA da son ransu, kuma kalmomin wasiƙarki sun fi kama da na tsarin da yake biya. Bayan haka akwai dokar tarayya ta 2008 da ta hana nuna bambanci tsakanin ciwon jiki da lalurar tunani ko ɗabi'a. Ba ta ce dole kowane tsari ya biya galahanga ba, amma ta ce in yana biya, ba zai ɗora mata sharuɗɗan da suka fi na ciwon jiki tsauri ba. Da wannan dokar Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sa wasu tsare-tsare suka cire haramcin da suka yi wa ABA. Sashenta mai suna EBSA yana da masu ba da shawara da ake kira ba tare da biyan ko sisi ba.

Yanzu yadda za ki bi da ƙin da aka yi. Da zarar shaidar likita ta fito, cibiyar ta sake neman izini da sabuwar takarda, wannan shi ne hanya mafi kusa. Amma in kin ga wa'adin nan na 180 yana ƙaratowa shaidar ba ta fito ba, ki shigar da ƙarar a rubuce don kada ƙofar ta rufe, ki haɗa da wasiƙar likitansa, da rahoton makaranta, da shaidar cewa kuna kan layi. Tun da maganin ba a fara ba tukuna, kwana 30 suke da shi su ba ki amsa. Kina da ikon neman duk takardun da suka dogara da su, da ma'aunin da suka yi amfani da shi, kyauta. Idan nan gaba suka canza baki suka ce maganin ba dole ba ne ga lafiyarsa, ko suka rage sa'o'in da aka nema, likitansa yana iya neman ya yi magana da likitansu kai tsaye. In abin ya faskara, akwai masu duba ƙara masu zaman kansu da ba sa cin albashin kamfanin. Kina da wata huɗu daga ƙin ƙarshe ki kai musu, kuma hukuncinsu dole ne kamfanin ya bi. Ki sayi littafi guda na wannan aiki kaɗai. Duk kiran da kika yi, ki rubuta rana, da sunan wanda ya amsa, da lambar shaidar kiran, da abin da ya faɗa. Idan Turancin takardun ya yi miki nauyi, ko na waya ya yi miki sauri, ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Babu abin kunya a ciki, yaren inshora ko 'yan ƙasar wahala yake ba su.

Abu ɗaya game da kuɗi, don kada ya zo miki ba shiri. Amincewar inshora ba ta nufin ba za ku biya komai ba. Akwai kason da kuke fara biya a farkon shekara kafin su karɓa, akwai kuma ɗan abin da ake biya a kowane zuwa, wanda yake taruwa da sauri in yaro yana zuwa sau huɗu ko biyar a mako. Amma kusan kowane tsari yana da iyakar abin da iyali za su biya daga aljihunsu a shekara, in an kai ta sauran na kamfani ne. Ki nemo wannan adadin, da shi za ku yi kasafinku. Izinin ma ba na dindindin ba ne, galibi duk wata shida ake sabunta shi, don haka ki riƙa tuna wa cibiyar tun da sauran lokaci.

Mu dawo kan maigida, don na ga nan ne zuciyarki ta fi nauyi. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rashin kulawa. Uba ne da ya taso a inda kalma ɗaya take iya hana mutum aure, ta bi ƙannensa ma, kuma yana ƙasar da ba tasa ba da aiki guda da ke riƙe da gidan. Tsoro ne yake magana, kuma tsoron nasa yana da amsa. Tun bayan dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, kamfanin inshora ba shi da ikon ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi saboda wata lalura da yake da ita. Dokar kare naƙasassu ta 1990 ta hana mai aiki da ke da ma'aikata 15 ko fiye ya sallami ma'aikaci ko ya ƙuntata masa saboda yana da ɗa mai lalura. Fayil ɗin asibiti da na makaranta kowanne yana da dokar sirri da ke tsare shi, ba wanda zai buɗe shi don yana son sani. Ki gaya masa kuma ɗansa ba shi kaɗai ba ne: ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, da ta fito a 2025 ta nuna yaro ɗaya cikin 31 masu shekara takwas a wuraren da aka bincika yana da wannan lalura. A ajinsa ma zai tarar da 'yan'uwa.

Ni abin da nake gani shi ne, ba takarda ce za ta bi yaron nan har girma ba. Abin da zai bi shi shi ne ko ya iya faɗin yana jin ƙishirwa, ko ya iya nuna inda ke masa ciwo, ko ya iya zama cikin mutane ba tare da duniya ta yi masa ƙara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun da yake ciki yanzu su ne waɗanda taimako ya fi kama jiki, kuma kowane wata da ya wuce kuna jan ƙafa, daga rabonsa ake cirewa. Kada ki kai wa maigida wannan magana a gaban mutane ko lokacin da ya dawo a gajiye. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki wurin likitan, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Maza da yawa abin da ba su karɓa daga matansu ba sukan karɓe shi in sun ji da kunnensu.

Hajiya kuma ƙauna ce ta sa ta ce a kawo mata jikanta, ki amsa mata da ladabi. Addu'a ba ta da iyakar ƙasa. Ta yi masa daga Zariya, ku ma ku yi masa a nan, ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana ta. Batun yare biyu kuwa ki kwantar da hankalinki. Jin Hausa da Turanci ba ya jawo galahanga, kuma binciken da aka yi bai nuna yana ƙara wa masu ita jinkirin magana ba. In wani ya ce ki daina yi masa Hausa, kada ki yarda. Da wane yare zai gaisa da kakarsa ranar da bakin ya buɗe? Ziyara a lokacin hutu abu ne mai kyau. Amma a ɗauke shi yanzu a ajiye shi a can shekara ɗaya ko biyu, ban ba ki wannan shawarar ba. Yaro irinsa sauyin wuri da rabuwa da uwa suna girgiza shi fiye da sauran yara, kuma zai bar abubuwan da doka ta ba shi a inda yake.

Cikin waɗannan abubuwa har da makarantar da ta gwada shi. Tun da ta tabbatar ya cancanta, dole ta zauna da ku a taron da a Texas ake kira ARD, a rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, wato IEP, wanda zai iya haɗawa da ajin ƙananan yara na musamman da koyar da magana. Duk kyauta ne, babu ruwansa da inshora. Ku je ku biyu, kuma kada ku sa hannu a kan abin da ba ku fahimta ba. Sannan ku duba Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Tun Fabrairun 2022 Medicaid ta Texas take biyan ABA ga 'yan ƙasa da shekara 21. In albashin maigida ya wuce iyakar da aka saba, akwai wani shiri nata na yara masu naƙasa da iyali ke shiga da biyan wani abu a wata, wanda yake karɓar masu samun har ninki uku na ma'aunin talauci na tarayya. Kiran 2-1-1 zai haɗa ki da masu bayani. Akwai kuma shirye-shiryen tallafi na dogon zango irin su HCS da CLASS, waɗanda layinsu yakan ɗauki shekaru masu yawa. Ki sa sunansa yanzu ko da kina ganin ba zai buƙata ba. In lokacin ya zo ba ya buƙata, alhamdu lillahi, sai ki ce a ba wani.

Game da ABA ɗin kansa ina da magana, don na ga kamar kin ɗora duk fatanki a kansa. Yara da yawa sun amfana da shi. Akwai kuma manya masu galahanga da suka yi shi suna yara, suke cewa an matsa musu, an fi damuwa da su yi kama da kowa fiye da su sami sauƙin rayuwa. Ki saurari ɓangarorin biyu. Cibiyar da za ki zaɓa ta zama wadda take barin uwa ta shiga ta gani, take koya muku abin da za ku ci gaba da yi a gida, take iya gaya miki dalilin kowace sa'a da ta nema. Ba don inshora ta amince da sa'a talatin ko arba'in a mako ba ne zai sa yaro ɗan shekara uku ya yi su. Idan burinsu shi ne ya iya neman abin da yake so, ko da baki, ko da hoto, ko da na'ura, kuna tare. Idan kuwa kin ga kullum yana dawowa a firgice, ko ana tilasta masa kallon ido ana hana shi kaɗa hannun da ke kwantar masa da hankali, kina da ikon cewa a'a ki nemi wani wuri. Ke kika fi kowa saninsa.

Ke kanki fa? Ban ga inda kika ce akwai mai karɓar miki shi ko na sa'a biyu ba. Houston cike take da 'yan Najeriya, kuma ina da yaƙinin a cikin matan da kuke haɗuwa a masallaci ko wurin suna akwai wadda take cikin irin halinki ta yi shiru, tana zaton ita kaɗai ce. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ki gaya mata. Gobe da safe kuma, bayan kin duba katin nan, ki fara da kiran likitansa ki nemi takardar tura shi gwajin ji da ta ganin ƙwararre. In wata wasiƙar ta sake zuwa daga kamfanin, ki turo mini ainihin kalmomin da suka rubuta, mu duba tare.